Guntun ƙashin da aka tsinto a bakin teku: na zamanin da ne ko na saniya, kuma ta ya ake ganewa?

Tambayar da ta hana mu tashi daga majalisa ranar nan a nan Katsina ita ce, in mutum ya tsinci wani guntun abu baƙi a bakin teku, ya yi kama da ƙashi kuma ya yi kama da dutse, ta ya zai gane ko burbushin wata halitta ce ta zamanin da can, ko kau ƙashin dabbar jiya ne da ruwa ya turo? Wani ƙanenmu ne mai bin motar shanu zuwa Legas ya dawo da shi, ya ce ranar da suka sauke kaya ya samu sarari ya tafi kallon teku, yana tafe cikin yashi sai ƙafarshi ta taka abun. Bai kai tafin hannu ba, baƙi wuluk, gefe guda a karye.

Kafin a kira isha'i abun ya samu suna ya kai huɗu. Wani ya ce ƙashin dainaso ne, wani ya ce a'a na Adawa ne mutanen Annabi Hudu, wani ya ce gatarin aradu ne, wani kuma ya ja yaron gefe ya ce mashi ya ɓoye kar kowa ya gani don Turawa na saye da dala. Abun da ya dame ni shi ne kowa na da amsa amma ba wanda ya ɗauki abun ya jujjuya shi ya duba da kyau, alhali amsar na nan jikinshi.

Wai mene ne ma burbushin halitta?

Abun da masana ke ce ma fosil, mu kuma muke cewa burbushin halittun da, shi ne duk wani saura ko wata alama ta abu mai rai da ta wanzu cikin ƙasa ko dutse tun da daɗewa, galibi ana ɗaukar abun da ya haura shekara 10,000. Ba ƙashi kaɗai ba ne. Haƙori na ciki, da ɓawon katantanwa, da ganye, da kututturen itace, da sawun ƙafa, har kashin da dabba ta yi in ya sandare ya zama dutse shi ma burbushi ne kuma ana karanta abun da ta ci a cikinshi.

A nan ne mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Abun da ɗan Adam ya ƙera da hannunshi daban, shi ne kayan tarihi. Gatarin aradun da manoma ke tsinta a gona ba tsawa ce ta jefo shi ba, dutse ne da mutanen zamanin da can suka goga suka mai da shi gatari. Kwalekwalen Dufuna da wani Bafulatani ya ci karo da shi a Yobe a 1987 yana haƙar rijiya, shi ma kayan tarihi ne. Amma haƙorin kifin da ya mutu tun babu mutum a wurin, wannan burbushi ne, kuma masu nazarinsu ma ba ɗaya ba ne.

Yadda ƙashi ke komawa dutse

Kusan duk abun da ya mutu ruɓewa yake. Ka duba mushen jaki a bayan gari, angulu ta ci, kare ya ja, rana ta ƙona sauran, bayan 'yan shekaru ko alama babu. Wanda ke tsira shi ne wanda laka ko yashi suka rufe da wuri kafin iska da masu ci su kai gare shi, shi ya sa mafi yawan burbushi na halittun ruwa ne, ko waɗanda suka mutu a bakin gulbi ambaliya ta binne su.

In an binne, sai laka ta riƙa hawa kan laka, shimfiɗa bisa shimfiɗa, nauyi na danne ta ƙasa har ta zama dutse. Ruwan da ke bi ta cikin ƙasa yana ɗauke da ma'adinai, yana kutsawa cikin 'yan ramukan ƙashin yana barinsu a ciki, sannu a hankali ramukan su cike, wani lokacin ma asalin ƙashin ya narke ma'adinin ya maye gurbinshi daidai da siffarshi. Daga nan ne nauyi ke zuwa, daga nan ne kuma launi ke zuwa, baƙi ko ruwan ƙasa ko ja, gwargwadon ma'adinin da ke wurin. Wani lokacin kuma ɓawon ya narke gaba ɗaya sai gurbinshi ya rage, kamar yadda mai bulo ke cire ma'auni siffar ta zauna.

Abu guda da ya kamata a riƙe, a cikin dutsen da aka yi da laka ko yashi ko ɓawon halittun ruwa ake samun burbushi, irin dutsen da za ka ga shi hawa-hawa. Dutsen da ya samu daga narkakken dutse mai zafi, irin giranet ɗin da ake fasawa ana zuba dakin da shi, ba a samu a cikinshi.

Ba kowane bakin teku ke bada burbushi ba

Dalilin da ya sa ake yawan jin an tsinci irin waɗannan a bakin teku shi ne ruwa na yin aikin haƙa kyauta. Inda gaɓar ke da tudu na tsohon dutse mai hawa-hawa, igiyar ruwa na dukanshi dare da rana, ya zabtare, abun da ke ciki ya zubo. A kudancin Ingila akwai wani gari Lyme Regis, can wata mata mai suna Mary Anning, wadda aka haifa a 1799, ita da yayanta suka tono wata babbar dabbar ruwa mai kama da kifi da kada wajen 1811 zuwa 1812 tana 'yar shekara 12, kuma a 1823 ta sake samo wata mai dogon wuya. 'Yar talakawa ce, ba ta yi jami'a ba, sana'arta kenan bin gaɓa bayan an yi hadari, kuma manyan masana na zuwa wurinta. Ina kawo ta ne don a san wannan ilimin ido da haƙuri yake so kafin komai.

To amma bakin tekun Legas ba haka yake ba. Yashi ne shimfiɗe wanda ruwa ya tara kwanan nan in aka auna da shekarun ƙasa, babu wani tsohon tudun dutse da ke zabtarewa. Abun da ya fi yawa can ɓawon halittun yanzu ne, da ƙashin kifi, wani sa'in ƙashin babbar dabbar nan ta teku wel in ta mutu ruwa ya turo ta, sai kuma ƙasusuwan shanu da awaki da magudanan birni ke kwasowa daga kwata da gidajen abinci. Ƙashi in ya kwana biyu cikin baƙar laka yana rinewa ya yi baƙi ƙirin. Saboda haka baƙi kaɗai ba shaida ba ce, ko kusa.

Yadda muka duba na ƙanen namu

Washegari da hantsi na ce ya kawo shi mu gani da rana. Farko tambayar ita ce shin ma ƙashi ne? Sai ka duba inda ya karye. Ƙashi na da ɓawo mai tauri a waje, ciki kuma kamar soso, 'yan ramuka birjik masu tsari, duk wanda ya taɓa fasa ƙashi don ɓargo ya san abun da nake nufi. Dutse kuwa ciki da waje ɗaya ne, ko ka ga ƙwayoyin yashi ko ƙyalli. Nashi akwai soson nan sarai, to ƙashi ne, an wuce wannan.

Sai nauyi. Ƙashin da ma'adini ya cika yana da nauyin dutse, in ka ɗauka za ka ji ya fi yadda ido ya ƙiyasta, in ka ƙwanƙwasa shi da cokali kuma yana bada ƙara irin ta fasasshen tangaran. Sabon ƙashi ba nauyi, ƙararshi a dushe kamar ta itace. Nashi bai da nauyin kirki, kuma ramukan soson a buɗe suke, yashi ne kawai a ciki wanda muka kakkaɓe da burushin goge baki.

Akwai gwajin allura. Ka ɗora allura a wuta ta yi ja, ka dangwala a wani lungu da ba zai ɓata abun ba. In ƙashin bai daɗe ba akwai sauran sinadarin nama a cikinshi, zai yi ƙauri irin na babbakar kai da ƙafa ranar Sallah. Wanda ya zama dutse ba ya ƙauri. Muna dangwalawa kowa ya ji ƙaurin. Akwai masu ɗora harshe don ƙashi na ɗan kama harshe saboda ramukan, ni dai ban ba kowa shawarar ya lashi abun da ya tsinta a bakin tekun da magudanai ke zuba ba.

Daga ƙarshe muka yi abun da ya kamata mu fara da shi, muka kai ma wani dattijo mahauci a unguwarmu. Ya karɓa ya juya sau biyu, ya ce "Kai yaro, wannan ai kan ƙashin cinyar saniya ne, ga ma inda aka sare shi nan." Muka duba, wallahi ga sawun sara nan a miƙe, wanda mu duk mun ɗauka karaya ce. Yaron ya ce "Baba, to baƙin fa?" Ya ce laka ce. Masana ma haka suke aiki, kwatanta abun suke da ƙashin dabbobin da aka sani, kuma mutumin da ya shekara 40 yana fiɗa ya san ƙashin saniya da na rago da na raƙumi fiye da yawancin masu digiri. Gwaji guda ba ya yanke hukunci, don akwai ƙashin da ya yi dubban shekaru bai gama zama dutse ba, amma in rashin nauyi da ƙauri da sawun adda da shaidar mahauci suka haɗu ai magana ta ƙare.

Da a ce ba ƙashi ba ne, akwai wasu alamun. Haƙorin kifin shak na da kai mai sheƙi da gindi mai kaushi, na yanzu fari ne na da kuma baƙi ko toka, kuma shi ya fi komai yawa don shak na zubar da dubban haƙora a rayuwarshi, jikinshi kuma guringuntsi ne ba ya daɗewa. A tsibirin Malta an daɗe ana ce masu harshen maciji ne da ya zama dutse ana yin laya da su, sai a 1667 wani masani Nicolas Steno ya nuna haƙoran shak ne bayan ya feɗe kan wani babba ya gwada. Amonait kuma, wata halittar teku mai ɓawo ta zamanin da can, a naɗe take kamar ƙahon rago da layi-layi a jiki. Itacen da ya zama dutse za ka ga zanen itace sak amma wuƙa ba ta kama shi. In ka ɗiga ruwan khal ko na lemun tsami a ƙurar dutse ya yi 'yar kumfa, to irin dutsen da ake siminti da shi ne, kuma shi gidan ɓawon halittun ruwa ne.

Masu ruɗin ido

Ƙasa na yin siffofi da kanta. Dunƙulen dutse mai santsi da mutane ke cewa ƙwan dainaso, mafi yawa ma'adini ne ya taru ya cure. Zanen nan mai kama da reshen ganye a fuskar dutse ma'adini ne ya bi tsaga ya bazu. Marmarar da ke ko'ina a ƙasarmu ma tana da ramuka kamar soso, sai dai nata ba tsari.

Hoton nan kuma na ƙaton kwarangwal da mutane tsaye kusa da kanshi kamar tururuwa, wanda ake ta turawa ana cewa Adawa ne aka tono, haɗa shi aka yi da kwamfuta a wata gasar haɗa hotuna a 2002, asalin hoton wurin tono wata tsohuwar dabba ce dangin giwa a Amurka. Labarin Adawa na cikin Alƙur'ani ba ya buƙatar hoton ƙarya, kuma mai tura shi cutar da addini yake ko da niyyarshi mai kyau ce.

Tekun da ya taɓa ratsa Arewa

Muna cikin wannan sai wani kawunmu da ya yi tuƙin tifa a Sakkwato shekaru da yawa ya shiga gida ya fito da wani ɗan dutse fari-fari, kamar dunƙulen fura da aka ɗan danne, ya ce shi ma ga nashi, a wajen Kalambaina ya tsinta inda ake haƙar dutsen siminti, jikokinshi ke wasa da shi. Da na karɓa sai da gabana ya faɗi. A samanshi akwai zane kamar fure mai ganye biyar, da 'yan ɗigo-ɗigo a jere. Wannan zanen mai biyar tambarin bushiyar teku ce, wata halitta mai ƙaya da ke zama a ƙasan teku, ba ta rayuwa a gulbi ko tafki sai ruwan gishiri.

Me ya kai ta Sakkwato? Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi sosai ya sha shigowa yana komawa ta tsakiyar inda Sahara take yanzu, ta Aljeriya da Mali da Nijar har arewa maso yammacin Najeriya. Dutsen Kalambaina da ake siminti da shi ɓawon halittun wannan tekun ne da suka taru, shekarunshi tsakanin miliyan 55 zuwa 60. A yankin Dange ana samun haƙoran shak. Akwai wani ƙaton ƙadangaren teku da aka samu ƙashinshi a ƙasar Sakkwato, an fara bayaninshi a 1930, a 1972 kuma aka raɗa mashi suna Goronyosaurus, wato da sunan Goronyo. Akwai tsohon kada mai suna Sokotosuchus. A Ashaka ta jihar Gombe kuma amonait ce cike da ramin dutsen siminti.

In ka tsallaka Nijar abun ya fi haka. A Gadufawa cikin hamadar Tenere an tono kada mai suna Sarcosuchus da ya kai tsawon mita 9 ko fiye, da dainaso mai cin ganye Nigersaurus mai haƙora kusan 500 wanda aka sa ma suna a 1999, dukkansu na wajen shekara miliyan 110, kuma wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga kwarangwal ɗin irinsu da idonshi. Takaicina shi ne yaranmu sun san dainaso na katun amma ba su san akwai mai sunan Goronyo ba.

Mu Katsina fa? Yawancin jihar, irin duwatsun Dutsin-ma da Funtuwa da Malumfashi, kan tsohon dutsen nan mai tauri take zaune wanda ba ya ɗauke da burbushi. Amma ta arewa wajen Daura da bakin iyaka akwai inda dutsen yashi ya kwanta a samanshi, kuma irin wannan shimfiɗar a ƙasar Sakkwato an samu itatuwan da suka zama dutse a cikinta, saboda haka masu haƙar rijiya da masu ɗibar yashi a can su riƙa buɗe ido.

Maganar shekaru, da inda ake saɓani

Nan ne majalisa ta rabu. Wasu suka ce wa ya ƙirga miliyan 60 ɗin? Tambaya ce mai kyau. Akwai sinadaran da ke rikiɗa zuwa wani abu a kan ƙa'idar lokaci da ba ta canzawa. Kabon 14 rabinshi na ƙarewa duk shekara 5,730, da shi aka auna kwalekwalen Dufuna aka samu kusan shekara 8,000, amma ba ya wuce wajen shekara 50,000. Abun da ya haura haka ba ƙashin ake aunawa ba, dutsen da ke kewaye da shi ake bi, musamman tokar aman wuta da ta kwanta sama ko ƙasa, a auna yuraniyom ko fotashiyam ɗin cikinta. Sannan a kwatanta shimfiɗa da shimfiɗa, misali amonait ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce tare da dainaso, duk dutsen da ka gan ta ciki ya girmi haka.

Wasu kuma suka ce ai ruwan Ɗufana ne ya kai halittun teku tudu. Masu nazarin ƙasa na cewa abun da suke gani hawa-hawa ne masu yawa, kowane da irin halittunshi, har da ramukan da dabbobi suka haƙa suka zauna a tsakani, wanda ke nuna dogon zamani ne ba ambaliya guda ba. Tafsiri na malamai ne, ban shiga gonarsu ba. Amma ina so a sani kallon dutse da tambayar asalinshi ba Turawa suka kawo mana ba. Al-Biruni, kusan shekara 1,000 da suka wuce, ya ga ɓawon halittun ruwa a busasshiyar ƙasa ya ce nan da teku ne, Ibn Sina da ya rasu a 1037 ya yi rubutu kan yadda abu mai rai ke komawa dutse, kuma aya ta 20 a Suratul Ankabut umarni ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta.

Kuɗi, da abun da mai tsintuwa ya kamata ya yi

Gaskiya ne a 2024 an yi gwanjon kwarangwal ɗin wani dainaso a Amurka kan dala miliyan 44.6, irin wannan labarin ne ke ruɗa mutane. Amma wancan kusan cikakken kwarangwal ne da ƙwararru suka tono da bayanin inda kowane ƙashi ya fito. Guntun ƙashi ko haƙorin shak ɗaya ba ya kawo kuɗin kirki ko'ina, kasuwannin Maroko cike suke da su har da na jabu da ake haɗawa da gam da siminti. Wanda ya zo ya ce maka ka ba shi kuɗin gwaji ko na haɗa ka da Bature, damfara ce. Ga kuma doka, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979 ita ke kula da kayan da, fitar da kayan tarihi waje ba izini laifi ne, kuma mu nan Katsina mun ga yadda aka kwashe tsofaffin gumakan yumɓun ƙasarmu aka kai Turai ba tare da an san ramin da suka fito ba.

Abun da ya fi komai daraja a tsintuwa irin wannan shi ne sanin inda ta fito. Ka ɗauki hoto tun yana ƙasa kafin ka taɓa, ka ajiye naira ko biro kusa da shi don a ga girma, ka ɗauki gaba da baya da inda ya karye, ka rubuta wurin da ranar, a cikin dutse yake ko a yashe, in wayarka na nuna taswira ka adana wurin. Kar ka wanke da ruwan batir, kar ka goge da sanfefa, kar ka shafa mai don ya yi ƙyalli, kar ka fasa don ka ga ciki. In kuma ka ga ƙasusuwa da yawa a jere cikin dutse ka bar su yadda suke ka kira masana, don yadda suke kwancen ma bayani ne. In akwai alamar na mutum ne, mai unguwa da 'yan sanda ne farko.

Wurin kaiwa akwai. Gidan tarihinmu na nan cikin tsohuwar Kwalejin Katsina, akwai sashen nazarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, akwai kuma ofishin Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya a Kaduna.

Na kawu mun naɗe shi a tsumma muka sa a gwangwanin madara, ya zauna ya tuno shekarar da gefen ramin da ya tsince shi, na rubuta a takarda na saka ciki, kuma ɗanshi da ke karatu a Zariya zai tafi da shi in hutu ya ƙare.